Tsohon Asibitin Baƙi Na Tsibirin Ellis

'Yan'uwana mata, yau tafiyar tamu mai nisa ce. A bakin tekun birnin New York na ƙasar Amurka akwai wani ɗan tsibiri da a ke kira Ellis. Daga shekarar 1892 zuwa 1954, mutane wajen miliyan 12 suka bi ta kansa suka shiga Amurka neman abinci. Galibinsu talakawa ne daga Italiya da Rasha da Polan da Girka da ƙasar Sham, har da baƙar fata daga tsibiran Karebiyan. Duk wanda ya sauka sai likita ya dube shi. Wanda aka ga alamar ciwo a jikinsa ba gari zai shiga ba, asibitin da ke kudancin tsibirin za a wuce da shi. An rufe wannan asibiti a 1951, ya zama kango, itatuwa suka tsiro a cikin ɗakunansa. Sai a watan Oktoba na 2014 aka fara barin jama'a su shiga su gani, su ɗauki hoto, amma fa tare da ɗan jagora.

Na sami zuwa ne cikin dogon hutun makaranta, sa'ad da na je barkar haihuwar yayata da ke aure a unguwar Bronx. Ni da babbar 'yarta muka tafi, 'yar shekara 14. Ƙanenta ya so binmu, amma a lokacin ba a shiga da yaron da bai kai shekara 13 ba, aka bar shi gida yana kumbure-kumbure. Jirgin fito a ke shiga daga wani wuri mai suna Battery, a ƙarshen Manhattan. Ya kan fara tsayawa a tsibirin da mutum-mutumin nan na 'Yanci ya ke, macen nan mai ɗaga fitila sama da ku ke gani a hotuna, sa'an nan ya zarce Ellis. Waɗanda suka sauka a Ellis yawanci babban ginin da aka gyara aka mai da shi gidan tarihi a 1990 su ke shiga. Asibitin yana can tsallaken matsayar jirgi. Tikitinsa dabam ne, kuma gara a saya tun kafin ranar, domin ba a ɗaukar mutane da yawa a zagaye guda.

Kafin mu shiga kangon, ya kamata ku san yadda mutum ke faɗawa cikinsa a wancan zamani. Fasinja masu hali, watau masu tikitin aji na ɗaya da na biyu, a cikin jirgi a ke duba su sama-sama su wuce gari. Talakawan da suka yi mako guda ko biyu a cunkushe a ƙasan jirgi, su a ke kwasowa Ellis. Suna tafe cikin layi da kayansu niƙi-niƙi, likitoci na tsaye suna lura: wa ke haki, wa ke ɗingishi, wa ke tari, wa ke sosa kai. An ce duban mutum guda bai wuce daƙiƙa shida ba. Ba mamaki, don a ranar 17 ga Afrilu 1907 kaɗai mutum 11,747 suka bi layin. Wanda aka yi shakkarsa sai a zana masa harafi da alli a kafaɗar riga. H na nufin zuciya, L gurguntaka, E ido, Pg juna biyu, X kuwa ana tantamar hankalinsa. Ni da ke wuni da alli a hannu, ban taɓa zaton akwai inda ɗan guntunsa ke yanke wa mutum hukunci irin wannan ba.

Wanda kowa ya fi jin tsoro shi ne likitan ido. Da yatsa, ko da wata 'yar ƙugiya da a ke ɓalla maɓallin takalmi da ita a lokacin, ya ke juya fatar idon mutum ya leƙa. Amosanin ido ya ke nema, ciwon nan da mu ma muka sani a ƙauyukanmu, mai sa ƙuraje a cikin fatar ido, wanda in ya daɗe gashin ido ke juyawa ciki yana gogar ƙwayar har a makance. Tun 1897 hukumar lafiya ta Amurka ta sa shi cikin miyagun cututtuka masu yaɗuwa. Wanda aka kama da shi komawa zai yi inda ya fito, sai fa in an ba da izinin a yi masa magani a asibitin, kuma dangi ko wata ƙungiyar taimako sun ɗauki nauyin biya. Maganin ma azaba ne. A juya fatar idon a goge ta da wani shuɗin dutse mai raɗaɗi, yau da gobe, wata da watanni. Yau kuwa ƙwayar magani da yawan wanke fuskar yara da ruwa mai tsabta sun isa su kore shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2018 cewa Ghana ta shawo kansa.

To, ku dubi halin uwa mai 'ya'ya biyar. Maigida ya riga ya ƙetare shekaru uku da suka wuce, ya yi ta ƙwadago yana tari har ya aiko da kuɗin jirgi. An sayar da gona, an sayar da 'yar saniya. Yara huɗu sun wuce lafiya, na biyar an zana masa alli. Idan ya kai shekara 12 ana iya mai da shi shi kaɗai. Idan bai kai ba dole babba ya raka shi. Sai a zauna bisa benci a yi shawara cikin kuka: uwar ce za ta koma ta bar huɗu, ko babbar ya? Waɗanda aka mayar daga Ellis, saboda ciwo ko wani dalili, kashi biyu ne cikin ɗari. Da faɗi kamar kaɗan ne. Amma ku 'yan makaranta ku buga lissafin cikin miliyan 12, za ku ga ya tasam ma mutum 250,000.

Wannan doka ta taɓa mu ta wata hanyar da ba kowa ya sani ba. Daga 1903 kamfanin jirgin da ya kawo mai irin wannan ciwo tarar dala 100 a ke cin sa, ga kuma ɗawainiyar mai da shi. Saboda haka kamfanoni suka shiga duba idon fasinja tun daga tashoshin Turai. Masana tarihi sun nuna cewa waɗansu mutanen Lebanon da Sham da suka fito da niyyar Amurka a tashar Marseille ta Faransa suka maƙale, wani don ido, wani don guzuri ya ƙare, sai suka bi jirgin Dakar da Konakiri da sauran garuruwan bakin tekun Afirka ta Yamma. Ashe cikin tarihin zuwan Kwarori wannan yanki namu akwai hannun likitan ido.

Yanzu sai mu shiga. Wata ƙungiya mai suna Save Ellis Island ce ke gudanar da zagayen, kuma kuɗin tikitin wajen kula da gine-ginen ya ke tafiya. Kowa sai an ba shi hular kwano ya kifa, don siminti da filasta na iya faɗowa daga sama. Wadda ta sami zuwa ta ɗaura ƙaramin ɗankwali ko ta sa hijabi, hular ba ta hawa kan gwaggwaro. Takalmi kuma rufaffe, ba silifas ba. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce a ƙafa, ba a rabuwa da ayari, ba a taɓa kome.

Gine-gine 29 ne, da gado fiye da 700 a lokacin da asibitin ke tashe. Babban asibitin an buɗe shi a 1902, na cututtuka masu yaɗuwa kuma a 1911. Ƙasar da su ke kai ma ba ta asali ba ce. Tsibirin da farko eka uku ne da 'yan kai, aka yi ta cika teku da ƙasa da duwatsu, har da waɗanda aka haƙo wajen gina hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta New York, sai da ya kai eka 27 da rabi. Asibitin masu yaɗuwa a nasa tsibirin dabam aka gina shi, aka bar ruwa mai faɗin ƙafa 200 tsakaninsa da ɗayan, don a lokacin an yi imani ƙwayar cuta ba za ta ƙetare wannan ruwa ba. Daga baya aka cike tsakanin, yanzu fili ne mai ciyawa.

Gidan wanki muka fara shiga, kuma nan ne na fara ganin girman aikin. Manyan injunan wanki da na matsewa da na guga suna nan a kafe, sun yi tsatsa, waɗansu sun fi ni tsawo. Jagoranmu ya ce zannuwan gado da tawul da riguna sama da 3,000 a ke wankewa a nan kowace rana. Duk wadda ta taɓa jinyar yaro ɗaya mai gudawa ta san wankin da ke ciki, balle gado 700. A wani ɗaki can gaba akwai wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe a kwance, mai ƙofa kamar ta asusun banki. Katifa sukutum a ke turawa ciki a rufe, a sakar mata tururi mai zafi, kafin a shimfiɗa wa wani majinyacin. Wannan ta burge ni fiye da kome a wurin.

Daga nan sai doguwar baranda rufaffiya, ɗakunan majinyata sun fita dama da hagu kamar haƙoran mataji. In ba an nuna miki ba, ba za ki lura ƙofofin ba sa kallon juna ba. Da gangan aka karkata su, don kada iskar wannan ɗaki ta faɗa wancan. Kusurwoyin bango a lanƙwashe su ke, babu lungun da ƙura za ta maƙale. Tagogi manya-manya ne a kowane gefe, gado a tsakanin taga da taga. Tsarin da Florence Nightingale, shahararriyar nas ɗin nan ta Ingila, ta yi ta kira a bi ke nan: iska, hasken rana, tsabta, da raba mai wannan ciwo da mai wancan. Ku tuna babu allurar fanisilin a wancan lokaci, sai cikin shekarun 1940 ta bazu. Rigakafin ƙyanda kuwa sai 1963. Ginin kansa shi ne rabin maganin.

Ɗakunan ƙyanda su suka fi yawa, kuma nan jikina ya yi sanyi. Yara kan kwashi ƙyanda da mashaƙo a cunkoson ƙasan jirgi, su sauka da zazzaɓi. Sau da yawa sai a karɓe yaro daga hannun uwarsa a yi wannan baranda da shi, ita kuma a tsare ta can babban gini tana jira. Ba ta jin Turanci, nas ba ta jin nata harshen, tafinta kuwa ba kullum ya ke kusa ba. Mu da muka saba uwa ta shimfiɗa tabarma a gindin gadon ɗanta ta kwana, mu auna wannan. Mutum fiye da 3,500 suka rasu a tsibirin, kimanin 1,400 daga cikinsu yara ne. Babu maƙabarta a wurin, cikin gari a ke kai su, wani lokaci babu ko ɗaya daga cikin dangi a bakin kabari.

Amma kada in zalunci wurin. Mafi yawan waɗanda aka kwantar sun warke, sun shiga Amurka sun yi rayuwarsu. Da yawa a nan suka fara ganin likita a duniya, a nan suka fara kwana bisa farin zanen gado. An haifi jarirai wajen 350 a asibitin. Kuma da aka ga yadda mata ke jin nauyin tuɓewa a gaban likita namiji, a 1914 aka ɗauki likita mace ta farko, Dokta Rose Bebb. Macen da ta zo ita kaɗai ma ba a sakinta cikin gari sai wani nata ya zo ko ya aiko da saƙo, kuma ba ta fita da namijin da ba danginta ba. Wadda saurayi ya zo tarya, sau da yawa sai an ɗaura aure tukuna. Wata za ta ce tsaro ne, wata ta ce tsarewa ce. A ganina duka biyun ne, kamar yadda asibitin kansa ya ke gidan jinya kuma rariya.

Akwai ɗakin masu taɓin hankali, da barandarsa da aka kewaye da ragar ƙarfe har sama. Akwai ɗakin ajiye gawa mai akwatunan sanyi guda takwas, da benci hawa-hawa inda likitoci ke zama suna kallon fiɗa don koyo. Waɗansu cikin ayarinmu suka tsaya suna ɗaukar kansu hoto a gaban akwatunan. Ni dai ban ɗaga wayata a nan ba, na ja hannun yarinya muka matsa gaba.

Wannan ya kawo ni ga zancen hoton. Wurin yana ruɗin mai kyamara. Fenti kore da shuɗi ya ɓare ya nannaɗe kamar busasshen ganye, haske na zubowa ta fasassun tagogi, ga kujera guda a tsakar ɗaki ba kowa. Wani mai ɗaukar hoto, Stephen Wilkes, ya yi ta zuwa nan daga 1998 zuwa 2003, tun itacen kurɗi na rufe da bango, kuma hotunansa sun taimaka wajen jawo hankalin hukuma ga halin da wurin ke ciki. Tun daga nan kusan kowa irin nasa ya ke son ɗauka. Ni kuwa ɓarewar fenti ba sai na je Amurka zan gan ta ba, akwai ta a ajin da na ke koyarwa. Abin da na nema shi ne hoton da zan nuna wa ɗalibaina su gane yadda wurin ya yi aiki: ƙofofin nan da ba sa kallon juna, lanƙwasar kusurwa, tukunyar katifa da 'yar yayata tsaye a gefenta don a ga girmanta.

Ga 'yar shawara ga wadda za ta ɗauki hoto a cikin irin wannan gini, ko a nan ko a wani tsohon gida na gida. Kashe walƙiyar wayar, tana kashe launin bango. Kada ki fuskanci taga kai tsaye sai in tagar ce ki ke so, in ba haka ba ɗakin zai fito baƙi ƙirin. Tsaya hasken ya zo miki ta gefe. Matse gwiwar hannu a jikinki, ki riƙe numfashi kafin ki danna, domin a wuri mai duhu ɗan motsi kaɗan ke ɓata hoto. Ki kuma zama ta ƙarshe a ayari, sai ki sami daƙiƙa biyu-uku da ɗakin ba kowa kafin jagora ya waiwayo.

Hoton da na fi so na ɗauke shi ne can ƙarshen baranda, a ɗakunan masu tarin fuka. Kowane ƙaramin ɗaki yana da kwanon wanke hannu na tangaran guda biyu manne a bango, ɗaya sama kaɗan da ɗaya. 'Yar yayata ta ce, “Anti, mutum ɗaya me zai yi da biyu?” Jagora ya bayyana mana cewa ƙaramin na tofar da kaki ne, babban na wanke fuska da hannu, don kada su gauraya. Waɗanda ciwonsu ya yi tsanani su a ke kawowa wannan ƙarshe, kuma tagoginsu su suka fi kowanne kallon mutum-mutumin 'Yanci. Yana nan tsaye a tsallaken ruwa, kusa ƙwarai, kamar ka yi magana ya ji. Mai tarin fuka, in ma ya tashi, doka ba ta yarda ya shiga ƙasar ba. A wannan ɗaki ayarin namu ya yi tsit, ba wanda ya ce a yi shiru.

Ba kangon kaɗai a ke gani ba. Sa'ad da aka buɗe wurin a 2014, wani mai fasaha Bafaranshe da a ke kira JR ya ɗauko tsofaffin hotunan baƙin da suka bi ta tsibirin, ya faɗaɗa su har girman mutum, ya manna a bango da ƙofofi da tagogi. Kina shan kwana sai ki yi kiciɓis da mace da ƙunshin kayanta, ko likitoci sanye da fararen riguna a ɗakin fiɗa. Na farko da na gani sai da gabana ya faɗi. Irin waɗannan tsofaffin hotuna mutum biyu aka fi sani da ɗaukarsu. Ɗaya Lewis Hine, malamin makaranta ne da ya riƙa zuwa da kyamararsa wajen 1905. Ɗayan Augustus Sherman, akawu ne a tsibirin, wanda ya kan sa waɗanda a ke tsare da su su sa tufafinsu na gargajiya ya ɗauke su. Cikin nasa akwai na waɗansu mata baƙar fata daga tsibirin Guadeloupe a 1911, da ɗaurin kallabinsu tsaf, sai ka ce za su gidan biki. Hotunan suna da kyau ƙwarai. Sai dai na yi ta tunani, wadda ke tsare, ba ta san ko za a bar ta ta shiga ba, in ma'aikacin wurin ya ce ta tsaya a ɗauke ta hoto, tana da bakin cewa a'a?

Abin da ya kashe kasuwar asibitin doka ce. A 1924 Amurka ta rage yawan baƙin da ta ke karɓa ƙwarai, aka kuma koma duba lafiyarsu tun a ƙasashensu kafin su shiga jirgi. Asibitin ya ci gaba da jinyar sojoji da ma'aikatan jirgin ruwa da waɗanda a ke tsare da su, har aka rufe shi. A watan Nuwamba na 1954 aka kulle tsibirin baki ɗaya. Shekara da shekaru ruwan sama da iskar gishiri da tattabaru suka yi yadda suka ga dama da shi. Guguwar Sandy ta 2012 ma ta malale tsibirin da ruwan teku.

Aikin da aka yi wa sashen asibitin ba gyara ba ne irin na babban ginin. An toshe rufi, an sare itatuwa, an kwashe tarkace da abubuwa masu cutarwa, an rufe yawancin tagogi da allo mai ɗan gilashi da kafar shan iska, don dai a tsai da lalacewar inda ta tsaya. Ba duka gine-ginen a ke shiga ba, akwai benaye da ɗakuna da dama da ke kulle don ba su da aminci. Babu fanka, babu abin ɗumama ɗaki, wadda ta je da hunturu sai ta yi shiri sosai. Hotunan JR su ma ba a sabunta su, an bar su su tsufa tare da bangon. Akwai na waɗansu yara da aka naɗe wa kai da farin ƙyalle, masu fama da wani mugun makero mai cin fatar kai, wanda shi ma kan sa a mai da mutum gida. A jikin gilasan wata taga aka manna shi, waɗansu gilasan kuwa a fashe su ke, saboda haka wani yaron rabin fuskarsa kaɗai a ke gani. Na ɗauke shi sau uku kafin hasken ya yi mini daidai, jagora na kiranmu mu zo mu mai da huluna kada jirgi ya bar mu.